Taliya da niƙaƙƙen nama: rabin kilo ya ishi gida duka

Ƴan'uwa maza da mata, yau maganar abincin dare za mu yi.

Nama yana da tsada. Ba kullum yake shiga gida ba. In maigida ya sayo rabin kilo ranar kasuwa, ana yanka shi tsoka-tsoka a zuba cikin miya. Wajen rabo, kwanon maigida ne farko, sai na baƙo, sai na sauran manya. Yara ƙanana su ne ƙarshe. Wani ya samu ƙashi, wani ya samu romo kawai. Wanda ma ya samu tsoka, in haƙoransa ba su yi ƙwari ba, sai ya tsotse ta ya yar.

Alhali kuwa yaro ya fi kowa bukatar nama, domin jikinsa ne ke ginuwa.

Akwai dabara. In aka niƙa naman, aka soya shi, aka gauraya shi da taliya, ba mai iya tsince shi. Kowane ludayi da rabonsa. Babba da yaro, kowa ya ci nama. Ga bayanin yadda ake yi, da abin da ya kamata a kiyaye.

Daga ina wannan abinci ya fito?

Mutanen Amurka sun saba da shi ƙwarai. Suna ce masa kasarol. Wannan kalma ta Faransanci ce, sunan tukunya ne, mu ma mun san ta. A can sunan tukunyar ya koma sunan abincin da ake gasawa a cikinta.

Abincin ya bazu a Amurka lokacin wahala. Daga shekarar 1929 tattalin arzikin ƙasar ya karye, mutane da yawa suka rasa aiki. A shekarar 1943 kuma, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatinsu ta ƙayyade naman da kowane gida zai saya. Sai mata suka riƙa haɗa nama kaɗan da taliya mai yawa, su gasa a tukunya ɗaya, ya ishi iyali.

A Masar ma akwai irinsa, suna kiran shi makarona bashamel. A Girka sunansa fastitsiyo. Kowace ƙasa da nata kayan yaji.

Mu a nan muna da kayan yin shi. Ga shanu, ga albasar Galmi, ga tattasan Difa, ga man gujiya. Makaroni yana kowace kasuwa. Mata da yawa kuma sun iya murza taliyar gida da garin alkama, su shanya ta a igiya.

Mi yake ƙara wa jiki?

Abinci kashi 3 ne. Akwai mai ba da ƙarfi, akwai mai gina jiki, akwai mai kare jiki daga ciwo. Wannan abinci ya tara su duka cikin tukunya ɗaya.

Taliya da mai suna ba da ƙarfin aiki.

Nama da ƙwai da madara suna gina jiki. Cikin giram 100 na jan nama akwai wajen giram 20 na abin gina jiki. Nama kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Yara ƙanana da mata masu ciki su ne ƙarancin jini ya fi kamawa.

Tumatir da tattasai da karoti da zogale suna kare jiki. Suna kuma taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfen nan da kyau.

Kayan da ake bukata

Wannan awo na mutum 7 ne ko 8, in akwai yara cikinsu.

Naman shanu, rabin kilo.
Makaroni ko busasshiyar taliyar gida, rabin kilo, wato leda ɗaya mai giram 500.
Albasa manya 3.
Tumatir nunannu 8, ko ƙaramin gwangwani ɗaya na tumatir.
Tattasai 2.
Karoti 2.
Tafarnuwa sala 4.
Ganyen zogale, cikin hannu 2.
Man gujiya, wato man gyaɗa, ƙaramin kofin shayi ɗaya.
Ƙwai 3.
Dafaffiyar madara, babban kofi ɗaya.
Gishiri mai iyod, masoro, citta, daddawa, da tonka ga mai so.
Cuku ɗaya, in akwai.

In an raba giram 500 na nama ga mutum 8, kowa ya tashi da giram 60 da ɗoriya. Kada a ƙara taliya fiye da wannan awo. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Nauyin nama da nauyin busasshiyar taliya su zo daidai.

Sayen nama

Maigida, wannan aikinka ne. Ka tafi wurin mahauci da safe, tun nama yana sabo. Ka sayi wanda ma'aikatan kula da dabbobi suka duba suka buga wa hatimi. Kada arha ta ruɗe ka ka sayi naman dabbar da aka yanka don ciwo ya kama ta.

Nama mai kyau ja ne, ba ya wari, ba ya yauƙi. Ka nemi tsoka mai ɗan kitse. Kitse kaɗan yana sa daɗi da laushi. In ya yi yawa, abincin zai yi maiƙo. Kashi ɗaya cikin 5 ya isa, ko ƙasa da haka.

Ka duba cikin tsokar. In ka ga ƴan fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, ka bar wannan nama. Su ne ke zama tsila cikin hanjin mutum.

Ka ƙunshe naman don ƙuda, ka kai shi gida nan da nan. Kada ya wuni cikin aljihun riga ko a bayan keke.

Niƙan nama

A wanke naman, a cire jijiyoyi da farar fatar da ke jikinsa, a yanka shi ƙanana. Sa'an nan a bi ɗaya daga cikin hanyoyi 3.

Ta farko: injin niƙa nama. A birane wasu mahauta suna da shi. Ku zaɓi tsokarku, a niƙa ta gaban idonku. Kada ku sayi wanda aka niƙa tun safe aka ajiye. Ku duba ko injin wankakke ne.

Ta biyu: wuƙa mai kaifi da katako mai tsabta. A yi ta sassara naman har ya zama ƙanana kamar ƙwayar dawa. Rabin kilo ba ya wuce minti 15.

Ta uku: turmi da taɓarya. A zuba naman tare da rabin albasa a daka. A nan sai a lura. Kada a daka ɗanyen nama a turmin da ake kirɓa fura. Fura daga turmi sai ƙwarya, ba ta sake komawa wuta. Duk cutar da nama ya bari cikin turmin, fura za ta kwashe ta zuwa cikin yara. In turmi ɗaya ne a gidan, wuƙa ta fi.

In an gama, a wanke wuƙa da katako da turmi da ruwan zafi da sabulu, a shanya su a rana. A wanke hannu.

Don mi niƙaƙƙen nama yake son kula?

Ƙwayoyin cuta ido ba ya ganinsu. A jikin tsoka, a waje suke zama, inda wuƙa da hannu da ƙuda suka taɓa. In aka gasa tsoka, wuta tana samunsu tun farko. Amma in aka niƙa nama, na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje. Ƙwayoyin sun watsu ko'ina.

Cikin zafi kuma suna hayayyafa da sauri. Ƙwaya ɗaya tana iya zama 2 cikin minti 20. Bayan awa 2 ta zama 64. Bayan awa 4 ta wuce 4000.

Abin ba wasa ba ne. A shekarar 1993, a Amurka, mutum fiye da 700 suka kamu da ciwo bayan sun ci niƙaƙƙen nama wanda bai gasu sosai ba. Yara 4 suka rasu.

Saboda haka doka 2 ce. A niƙa nama lokacin da za a ɗora tukunya, ba da safe ba don girkin dare. A kuma dafa shi har ja ya ɓace gaba ɗaya. Masana sun ce zafin cikinsa ya kai digiri 71. In maigida ya kawo nama da safe, babu firigo a gidan, a niƙa a soya shi nan take, a yi abincin da rana.

Yadda ake dafawa

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta. A yanka albasa da karoti ƙanana. A jajjaga tumatir da tattasai. A daka tafarnuwa da masoro da citta da daddawa.

2. A ɗora tukunya, a zuba mai, a rage cokali ɗaya na shafe tukunyar gashi. In mai ya yi zafi a zuba albasa. A soya ta wajen minti 5, har ta yi laushi.

3. A zuba nama. A riƙa farfasa shi da cokali don kada ya dunƙule. Zai fitar da ruwa. A bar ruwan ya ƙone, naman ya fara soyuwa. Wannan yana ɗaukar minti 10. Nan ne daɗin abincin yake fitowa, kada a yi gaggawa.

4. A zuba kayan yajin da aka daka, a juya. A zuba tumatir da tattasai da karoti da gishiri kaɗan. A ƙara ruwa babban kofi 2. A rage wuta, a rufe, a bar shi minti 15 zuwa 20. Miyar ta kasance da ruwa-ruwa, domin taliya za ta sha.

5. Kafin miya ta nuna, a ɗora ruwa lita 4 a wata tukunya. In ya tafasa a sa gishiri, a zuba taliya, a motsa don kada ta manne.

6. A sauke taliya kafin ta gama nuna. In aka tauna, a ji sauran ƙarfi a tsakiyarta. Makaronin kanti yana son minti 6 ko 7. Taliyar gida siririya ce, minti 2 ko 3 sun ishe ta. A ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar a ajiye, sa'an nan a tsane ta a kwando.

7. A juye taliya cikin miya. A zuba zogale. A gauraya sosai har nama ya shiga ko'ina. In ya yi kauri, a ƙara ruwan da aka ajiye. A ɗanɗana gishiri.

8. A shafe tukunyar gashi da mai. A juye abincin ciki, a daddanna shi da bayan cokali ya kwanta daidai. Kaurinsa kada ya wuce tsawon yatsa.

9. A fasa ƙwai cikin madara, a kaɗa, a zuba bisa abincin ko'ina. Ƙwai da madara su ke haɗe shi, ya yanku kamar burodi. A Amurka cuku mai narkewa suke barbaɗawa a sama. Cukunmu na Buzaye da Fulani busasshe ne, ba ya narkewa haka. A daka shi ya yi gari a barbaɗa, yana ƙara daɗi.

10. A gasa.

Yadda ake gashi

Mai tanderu na gas ko na lantarki ya sa zafin digiri 180. Minti 25 zuwa 30 sun isa.

Wanda ba shi da tanderu ya yi da gawayi. A nemi tukunyar ƙarfe mai kauri, da murfin ƙarfe wanda ba shi da mariƙin roba. A hura gawayi har ya zama garwashi. A raba shi 3. Kashi ɗaya a ƙarƙashin tukunya, kashi 2 bisa murfi. Wutar sama ta fi ta ƙasa, in ba haka ba gindin zai ƙone. Kowane minti 10 a ɗan juya tukunyar don zafi ya zagaye ta. Wajen buɗewa a yi hankali kada toka ta zuba ciki.

A yi wannan aiki a tsakar gida ko a madafa mai iska. Garwashi cikin rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kisa. A kuma nisantar da yara daga murfin.

In akwai mai gasa burodi a unguwa, ana iya kai masa tukunyar bayan ya kwashe burodinsa. Zafin da ya rage cikin tanderun yana gasa ta.

In duk wannan bai samu ba, a rufe tukunyar a bar ta bisa garwashi kaɗan minti 15, har ƙwan ya daskare. Saman ba zai yi ja ba, amma abincin ya nuna.

Yaya ake gane ya gasu? Gefe yana tafasa. Sama ya yi ja-ja. In aka soka wuƙa a tsakiya, ta fito da zafi, babu ruwan ƙwai a jikinta.

A sauke, a bar shi ya huta minti 10. In aka yanka da zafinsa zai wargaje. In ya huta, sai ya yanku gida-gida.

In abin bai yi kyau ba, mi ya jawo?

Taliya ta caɓe: an bar ta ta nuna sarai kafin gashi.

Abincin ya bushe: miyar ta yi kauri, ko wuta ta daɗe.

Gindi ya ƙone: garwashin ƙasa ya yi yawa.

Nama ya dunƙule: ba a farfasa shi ba lokacin suya.

Mai ya taso sama: kitse ya yi yawa. A kwashe shi da cokali tun a mataki na 3.

Rabon yara

Uwargida, ki fara da kwanon ƙananan yara. Yaro ɗan shekara 1 ko 2 ya samu kwanonsa shi kaɗai. In ya ci da manyan yara, su suna loma 3 kafin ya yi ɗaya. Ki zauna kusa da shi, ki ga abin da ya ci.

Jariri kafin wata 6, nono kaɗai ya ishe shi. Daga wata 6 ana fara ba shi abinci, nama ma yana ciki. Ki ɗebi nasa kafin ki sa tonka da gishiri mai yawa. Ki tabbata ya nuna lugub, ki murƙushe shi da cokali. Ki fara da cokali 2 ko 3. Ki ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

Mai ciki da mai shayarwa su ma a cika musu kwano. Tsofaffin da haƙoransu suka zube za su ji daɗin wannan abinci.

Bayan an ci, mangwaro ko gwaiba ko lemu suna da kyau. Shayi kuwa yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. A dakata awa ɗaya kafin a ɗora buta.

Saura fa?

Abinci mai nama da ƙwai da madara ba ya jure zama. Kada ya wuce awa 2 a ajiye bayan an sauke. Lokacin bazara, in zafi ya wuce digiri 32, awa ɗaya ce iyakarsa.

Gidan da babu firigo, a dafa daidai ci. In ya ragu, a miƙa wa maƙwabta da zafinsa. Kada a bar shi ya kwana don ɗumamen safe, musamman don yara. Tuwo daban, wannan daban.

Gidan da ke da firigo, a rufe saura a sa ciki kafin awa 2 ta cika. A cinye shi cikin kwana 3. Wajen ɗumamawa, ya yi zafi har tsakiya, tururi yana tashi. In wutar lantarki ta ɗauke ta daɗe, kada a yarda da shi. Hanci ba ya gane kowace cuta. Abinci yana iya ƙamshi, alhali ya ɓaci.

In yaro ya kamu da zawo da amai, a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na likita, a ci gaba da nono da abinci. In an ga jini cikin zawon, ko yaron ya kasa sha, ko ya yi laushi, a kai shi likita nan da nan. Kada a jira gari ya waye.

In wani abu ya rasa

In babu naman shanu, na akuya ko na tunkiya ko na raƙumi duk suna yi. Dokar dahuwa ɗaya ce.

In kuɗi bai kai na rabin kilo ba, a sayi giram 250. A dafa wake babban kofi ɗaya har ya yi laushi, a ɗan farfasa shi, a zuba cikin miya. Wake ma yana gina jiki.

In ɗanyen tumatir ya yi wuya, a jiƙa kauɗa a daka. In albasa ta yi tsada, a rage ta a ƙara gabu. In babu zogale, alayyafo ko shu, wato kabeji, suna maye gurbinsa. In babu ƙwai da madara, a ƙara ruwan miya a gasa haka nan. Ba zai yanku ba, sai a ɗiba da ludayi.

Abubuwa 5 da za a riƙe

1. Nama sabo, mai hatimi, a niƙa shi lokacin girki.
2. Ɗanyen nama kada ya taɓa turmin fura.
3. A dafa shi har ja ya ɓace.
4. A sauke taliya da sauran ƙarfinta.
5. A ci da zafi, kwanon yara shi ne farko.

Ƴan'uwa, gani ya kori ji. Ranar kasuwa mai zuwa, in Allah ya hore rabin kilo, ku gwada. Wadda ta iya ta koya wa maƙwabciyarta.